INA YARO YA KOYI RAINA MACE?

Ya 'yan'uwa cikin Almasihu, ku da ke Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ina yaro ya koyi raina mace? Ba a haife shi da raini ba. A gida ya gani.

Da safe yakan ɗauki littafi ya tafi makaranta, ƙanwarsa kuwa ta ɗauki faranti ta tafi talla. In ya taɓa tsintsiya, abokansa su ce ya zama ɗan daudu. In ya yi kuka, a ce masa, "Kai mace ne?" Kafin ya kai shekara 15 ya riga ya ɗauka mace ba a bakin kome take ba.

A shekara ta 2021 aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe, cikin jiharmu ta Zamfara. Tsoron iyaye gaskiya ne. Amma in muka tsare 'yar a gida muka bar ɗan ya ci gaba, sai yaron ya ce karatu nasa ne kaɗai.

Ku karanta 2 Sama'ila sura 13. Amnon ya ci mutuncin Tamar 'yar'uwarsa, ya kore ta waje. Dauda ya ji, ya husata, amma bai hore shi ba. Bayan shekara 2 Absalom ya sa aka kashe Amnon. Shirun uba ya jawo jini a gidansa.

Farawa 1:27 ta koya mana cewa namiji da mace duka cikin kamanin Allah aka halicce su. Bulus kuma ya gargaɗi Timoti ya riƙi 'yan mata kamar 'yan'uwansa, da tsabtar zuciya. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna girmama Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta aiki jajojinta ƙauyuka su koyar da mata.

Kai uba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada ɗanka ya ji ka zagi uwarsa. Sa shi ya ɗebo ruwa tare da ƙanwarsa. Biya kuɗin makarantarsu su biyu. In ya ba'ance yarinya a hanyar ikilisiya, kwaɓe shi ran nan, kada ka yi dariya.

Yaron nan gobe mijin 'yar wani ne. Ubangiji ya ba mu alheri mu yi renonsa cikin tsoron Allah. Amin.