KURMAN DA KE SAHUNMU, WA YA KARANTAR DA SHI?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammad da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, kusan babu masallacin Juma'a daga Funtua zuwa Bakori, Danja, Ƙafur har Malumfashi da ba za ka samu kurma a sahu ba. Yana alwala yadda ya ga ana yi, in an sunkuya ya sunkuya. Amma wa ya taɓa zaunar da shi ya fahimtar da shi wankan janaba? Wa ya gaya masa abin da ke karya azumi? Liman zai yi rabin awa yana huɗuba, bawan Allahn nan leɓe kawai yake kallo, ya tashi ya koma gida yadda ya zo. Mun yi shekaru a haka, wallahi ko a jikinmu.

Imam Ahmad ya ruwaito daga Aswad bin Sari' cewa mutum huɗu za su kawo hanzari ranar ƙiyama, cikinsu har da kurma, hanzarinsa kuwa shi ne Musulunci ya zo alhali shi bai ji komai ba. Shi yana da uzuri a wurin Ubangijinsa. To mu da muke maƙwabtaka da shi, muna jin kiran salla sau biyar kullum, mene ne namu uzurin? A hadisin Abu Zarri kuma, cikin ƙofofin sadaka ga wanda ba shi da dukiya, Annabi (SAW) ya lissafa tsayawa ka fahimtar da kurma da bebe har sai sun gane. Ku lura, har sai sun gane. Ba ka ɗaga murya sau ɗaya ka juya kana tsaki ba.

Maganar hannu kuwa ba baƙuwa ba ce a shari'a. A Suratu Ali Imrana, Annabi Zakariyya ya yi kwana uku ba ya magana da mutane sai da nuni. Nana Maryam da nuni ta amsa wa mutanenta. Imam Bukhari ya ƙulla babi guda a kan ishara a saki da sauran al'amura. Malaman fiƙihu sun tafi a kan cewa isharar bebe da ake fahimta tana zama a madadin furucinsa, a ciniki, a aure, a saki.

A nan nake so mu ɗan tsaya, don a nan zaluncin yake. In ishararsa magana ce, to yardarsa ma sai an nema. Yarinya kurma za a ɗaura wa aure, ba wanda ya tambaye ta, wai ai ba ta ji. Uba zai rasu ya bar gona, a zo rabon gado, 'yan'uwa su ce su za su riƙa noma wa bebe kasonsa. Kaka ta yi, a kai masara kasuwar Dandume, shi a ba shi kuɗin goro. Jama'a, rashin ji ba tabuwar hankali ba ne, ba kuma wauta ba ce da za ta sa a hana mutum dukiyarsa. Wanda ya ci gonar kurma haram ya ci, kuma ya ci ta wanda ba zai iya kai ƙara da bakinsa ba. Malamin da aka kira rabon gado, wajibi ne ya nemo wanda ya iya maganar hannu, amintacce wanda ba shi da kaso a gadon.

Wani zai ce ai Alƙur'ani ya zargi kurame. A'a malam, kurumtar zuciya ake nufi, ta mai kunne lafiya lau da ya ƙi gaskiya. Muhammad bin Sirin, babban tabi'in Basara da ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, yana da nauyin ji. Abul Abbas Al-Asamm na Naisabur, wanda ya rasu a 346, kurumtarsa ce ta zama laƙabinsa, amma daga garuruwa masu nisa ake tahowa ɗaukar hadisi a wurinsa.

Abin mamaki, gwamnati tana da makarantar kurame a nan Malumfashi, ga kuma ta Tudun Maliki a Kano. Amma sai ka ga an bar yaro yana kiwo, ko an miƙa masa kwanon bara, makaranta tana kusa da shi. Kuramen ƙasar Hausa suna da yarensu tun kaka da kakanni, har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta wallafa littafi a kansa a 2000. Daga Jamus fa! Mu kuwa a gida ɗaya muke da su, ko gaisuwarsu ba mu iya ba. A watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Najeriya. Doka tana da kyau, amma ba ita za ta zo ta tsaya a masallacin unguwarku ba.

Iyaye, ba kowace kurumta aka haifa da ita ba. Sanƙarau yana kurumtarwa, waɗanda suka ga annobar 1996 shaida ne. Ƙyanda ma haka, da kunnen yaro da ke ta zubar da ruwa ana ɗura masa abin da aka ga dama. A yi rigakafi, a je asibiti da wuri. Yaran da ke yini a bakin injin niƙa da injin casar masara a sama musu abin toshe kunne. Jaririn da ƙara ba ta firgita shi, ko yaron da ya kai shekara biyu bai fara magana ba, a kai shi a gwada jinsa kafin a ce aljanu ne.

Da halin tsaron da yankinmu ke ciki, akwai abin da ba ma tunawa: kurma ba ya jin harbi, ba ya jin ihun a gudu. Kowane gida mai kurma a ware wanda zai tashe shi da dare.

Sai mas'alar da ake yawan tambaya: mai fassara huɗuba da hannu ya yi lagawu? Abin da nake gani, a'a. Hikimar yin shiru ita ce wa'azi ya isa ga mutane, shi kuwa isar da shi yake yi, kuma a Masallacin Harami na Makka ana yin wannan fassara. A ware musu gefe guda don kada hankalin sauran ya rabu. Limamin da zuciyarsa ba ta natsu ba, to bayan sallama a zaunar da su minti goma a maimaita musu huɗubar. Mai fassarar kuma a yanka masa alawus daga asusun masallaci, kamar yadda ake sayen man janareta. Waɗanda suka taso da iyaye ko 'yan'uwa kurame suna nan cikinmu, sun iya yaren. Kwamitin masallaci ya fara da su wannan Juma'ar.

Wallahu a'alam.