Gonar Rani Bayan Mai Ita

Dattawanmu da yawa a Madobi suna ganin rubuta wasiyya kiran ajali ne. Ban yarda ba. Allah ya riga ya yanka wa kowane magaji rabonsa. Matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni gare ta. Amma wa zai faɗi bashin taki, ko gonar da aka jinginar? Na ga 'yan'uwa gaban alƙali kan fadamar shinkafa guda, babu takarda, shaidu sun rasu, damina ta wuce ba a shuka ba. Bayan jana'iza bashi ake fara biya, sannan wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. Sai a raba sauran.