Haƙuri da Shiru: Abin da Tsibirin Utoya ya Koyar

Hausawa na cewa mahaƙurci mawadaci. Sai dai akwai tambayar da wannan karin magana bai amsa ba: wanda aka zalunta, in ya yi haƙuri, wajibi ne kuma ya kame bakinsa? Tarihin wata ƙungiyar matasa ta ƙasar Norwe, can arewacin Turai, ma'auni ne mai kyau na wannan batu.

AUF reshen matasa ne na Jam'iyyar Ma'aikata ta Norwe, an kafa shi a 1927. A nan shugabannin ƙasar da dama suka koyi siyasa. Jens Stoltenberg ya jagoranci ƙungiyar daga 1985 zuwa 1989. Tun 1950 take da wani ɗan tsibiri mai suna Utoya, inda samari da ƴan mata kan taru lokacin babban hutu, su yi muhawara, su buga ƙwallo, su kwana a tantuna.

Ranar 22 ga Yuli 2011, Anders Breivik ya tayar da bam a unguwar ofisoshin gwamnati a Oslo, mutum 8 suka mutu. Daga nan ya tsallaka tsibirin sanye da kayan ɗan sanda, ya yi ta harbi fiye da awa guda, ya hallaka mutum 69, akasarinsu matasa, har da masu shekara 14. Da gangan ya zaɓe su, don a ganinsa jam'iyyarsu ce ta buɗe ƙofar ƙasar ga baƙi, musamman Musulmi.

Yadda Norwe ta karɓi wannan musiba ya ba duniya mamaki. Stoltenberg, wanda shi ne firaminista a lokacin, ya ce za su mayar da martani da ƙarin dimokuraɗiyya. Bayan kwana uku, dubban jama'a suka cika titunan Oslo riƙe da furanni. Aka ba makashin lauya, aka saurare shi a kotu, kuma a watan Agusta 2012 aka yanke masa ɗaurin shekara 21, wanda za a iya ƙarawa muddin yana da haɗari. Wannan haƙuri ne na gaske, domin al'umma ta hana hannunta ramuwa.

Amma haɗin kan nan ya zo da wani sharaɗi da ba a rubuta ba: kada a tayar da zancen aƙidar da ta jawo kisan. Shekaru da dama matasan AUF suna taka-tsantsan, gudun kada a ce suna cin ribar siyasa da gawawwakin abokansu, alhali wasu daga waɗanda suka tsira suna samun saƙonnin zagi da barazana. Sai a 2021, shekara goma bayan harin, shugabarsu Astrid Hoem, wadda ita ma ta tsira daga tsibirin, ta fito fili ta nuna cewa ƙasar ba ta tunkari wannan ƙiyayya yadda ya kamata ba.

Masu goyon bayan shiru suna da hujja, kuma bai dace mu raina ta ba. Miki sabo ba ya son fami. Haka kuma, mutum na iya adawa da shigowar baƙi ba tare da ya taɓa riƙe bindiga ba. Ɗora masa jinin Utoya zalunci ne sabo a kan tsoho.

Duk da haka, mai karatu ya lura da abin da kotun Oslo ta yi. Rahoton likitoci na farko ya ce Breivik yana da taɓin hankali, na biyu ya ce ba shi da taɓin hankali, kotu kuma ta hukunta shi a matsayin mai hankali. Da mahaukaci ne, da sai a ce ƙaddara ce ta faɗa, a rufe zance. Tunda mai hankali ne, ashe akwai tunanin da ya kai shi, kuma tunani ba ya shiga kurkuku tare da mai shi. A watan Maris 2019 wanda ya kashe masallata 51 a Christchurch ta New Zealand ya ambaci sunansa. A watan Agusta na shekarar, wani matashi ɗan Norwe ya kai hari wani masallaci a Baerum, kusa da Oslo. Ciwon da aka ƙi faɗin sunansa, da wuya a nemo maganinsa.

Don haka haƙuri daban, shiru daban. Haƙuri yana ɗaure hannu kada ya rama; shiru kuwa, in ya wuce lokacin makoki, harshe yake ɗaurewa kada ya yi gargaɗi. Haƙƙin wanda aka zalunta ne ya faɗi abin da ya kashe ɗan'uwansa, nauyinsa ne kuma ya faɗe shi da adalci, ya tuhumi aƙidar ba tare da shafa wa kowane abokin hamayya kashin kaji ba.

A 2015 matasan suka koma yin taronsu a Utoya. A 2016 suka buɗe wani gini da ya lulluɓe ɓangaren ɗakin cin abincin da aka kashe mutum 13 a cikinsa, ba tare da an toshe ramukan harsashi ba. Ginshiƙai 69 ne ke ɗauke da rufinsa, sanduna 495 kuma sun kewaye shi, adadin waɗanda suka tsira. A ciki ake koya wa ƴan makaranta abin da ya faru da kuma dalilinsa.