Tsohon Haske

A daren da babu farin wata, bayan kaka, mutumin da ke nesa da fitilun gari yana iya hango wani abu dishi-dishi a sama ta wajen arewa, kamar ɗan hayaƙi. Masanin taurari Abdurrahman al-Sufi, mutumin Farisa, ya rubuta labarinsa a shekara ta 964, ya kwatanta shi da ƙaramin gajimare. Yau ana kiransa Andiromeda.

Shekaru ɗaruruwa suka wuce ba wanda ya ga ainihin siffarsa. Sai wani ɗan kwangilar gine-gine na birnin Libaful a Ingila, Isaac Roberts, wanda duba taurari sha'awa ce kawai a gare shi, ya kafa na'urar hangen nesa mai madubin inci 20 a gidansa. A daren 29 ga Disamba 1888 ya saita ta kan wannan ɗan hayaƙi, ya bar farantin hoto a buɗe har awa 4 cikin hunturu. Da yake duniya tana juyawa, tilas na'urar ta riƙa bin abin sannu a hankali, in ta kauce hoto ya lalace. Da ya wanke farantin, sai ga siffa mai murɗewa kamar saƙar faifai. Ido ba ya iya tara haske, amma faranti yana tara shi ɗigo-ɗigo. Har yau haka masu wannan sha'awa suke yi: sukan ɗauki hotuna da yawa, wani lokaci dare bayan dare, su harhaɗa su da kwamfuta kafin siffar ta fito.

Hoton Roberts gaskiya ne, amma fassararsa kuskure ce. Ya zaci wata rana ce take haifuwa tare da duniyoyinta. Ya rasu a 1904 bai san girman abin da ya ɗauka ba. Sai a 1923 Edwin Hubble, a Amurka, ya gano wani tauraro a cikinsa da ya ba da damar auna nisansa. Ashe babban garke ne na ɗaruruwan biliyoyin taurari. Haske yana tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, duk da haka yakan yi shekara wajen miliyan 2.5 kafin ya iso daga can. Wato abin da hoton ya nuna ba halin Andiromeda na yau ba ne. Tsohon haske ne.

A nan akwai tambaya ga kowane mai bi. Sa'ad da mutum ya ce ya san halin maƙwabcinsa, da wane haske yake ganinsa? Sau da yawa abin da ke hannunsa labari ne na shekara goma da suka wuce: wane ya taɓa cin amana, wance ta taɓa raba aure. Labarin yana iya zama gaskiya, kamar hoton Roberts, amma ya tsufa a hanya, kuma an ɗauke shi da kallo guda.

Wani zai ce, ai Hausawa sun ce hali zanen dutse ne, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan magana tana da nauyi. Ikilisiyar da ta miƙa baitulmalinta ga wanda ya yi sata jiya ba ta nuna ƙauna ba, sakaci ta yi. Yin hattara ba zunubi ba ne. Masu bi na Urushalima ma sun ji tsoron Shawulu sa'ad da ya nemi shiga cikinsu, gama sun san shi mai tsananta wa ikilisiya ne. Abin da suka sani gaskiya ne, sai dai Ubangiji ya riga ya sadu da shi a hanyar Dimashƙu. Barnaba ne ya saurari sabon labarin, ya kai shi wurin manzanni. Da an tsaya kan tsohon haske, da an rufe wa Bulus ƙofa.

Bambancin hattara da yanke hukunci shi ne, mai hattara yana ci gaba da dubawa, mai yanke hukunci kuwa ya rufe faranti tun a minti na fari. Tuba takan fara da ɗan haske mara ƙarfi: bashi da aka biya a ɓoye, harshe da aka kame, alkawari ƙarami da aka cika. Mai gaggawa ba zai ga waɗannan ba, sai mai haƙurin tara su.

Allah kaɗai yake ganin zuciya yadda take a yau. Abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne ya daɗe yana duban ɗan'uwansa kafin ya yi magana, in kuma ya yi, ya bar wurin gyara.