Da'awa a Tsakanin Maguzawa

Malamai sun ɗauki da'awa, wato kiran wanda ba Musulmi ba zuwa ga addini ta hanyar bayani da kyakkyawar mu'amala, a matsayin farillar kifaya, wadda idan wasu suka tsaya da ita ta sauka daga kan sauran, idan kuwa kowa ya yi ko-in-kula laifin ya hau kan al'umma baki ɗaya. A ƙasar Hausa wannan nauyi ya fi bayyana game da Maguzawa, Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya a ƙauyukan Kano da Katsina da Zariya, duk da cewa Wangarawa sun kawo Musulunci birnin Kano tun zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14.

Rangadin musuluntarwa da Sardauna Ahmadu Bello ya yi kafin rasuwarsa a 1966 ya shigar da jama'a masu yawa, sai dai karɓar kalmar shahada a gaban taro ya fi sauƙi a kan abin da ke biyo baya, domin manomin da ya bar tsafin gidansu da giyar bikinsu yana bukatar malamin da zai zauna da shi ya koya masa alwala da Fatiha, da kuma maƙwabtan da za su ba shi aure ba tare da gori ba. Shari'a ma ta lura da wannan, shi ya sa aya ta 60 a Suratut Tauba ta ware wa waɗanda ake lallashin zukatansu kaso daga zakka, kason da masu fitar da zakka a yau ba kasafai suke tunawa da shi ba.