Tunatarwar Juma'a: Ba a Zubar da Jini Kan Zato



A yau manyan ƙasashe kan tura jirgi maras matuƙi ya kashe wanda suke zargi a wata ƙasa, ba alƙali, ba shaida. Ranar 29 ga Agusta 2021 jirgin Amurka ya harbi wata mota a Kabul, mutum 10 suka rasu, 7 yara ne. Daga baya suka ce kuskure ne. Kuskure kuwa ba ya dawo da rai.

Abin ba nesa yake ba. Har 2024 Amurka na da sansanin irin jiragen nan a Agadas. A Disamba 2023 kuma jirgin sojojinmu ya afka wa masu Mauludi a Tudun Biri, Jihar Kaduna, aka rasa rayuka sama da 80.

Dokar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana kai hari ƙasar wani, sai don kare kai ko da izinin Kwamitin Tsaro. Shari'a kuwa sai da hujja gaban alƙali. A duba Ma'ida aya ta 32 da Hujurat aya ta 6.

To mu fa? In aka yi ihun ɓarawo a kasuwar Gombe, kada ka ɗaga sanda. A miƙa shi ga hukuma.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare hannayenmu daga jinin bayinSa. Amin.

Sakataren Masallaci