Rai ko Ƙasar Kakanni: Wanne Shugaba Zai Ceta?

A kan tsaunukan Pamir na Afganistan, inda tsawo ya wuce mita 4,000, akwai makiyaya 'yan kabilar Kirgiz. Suna kiwon tumaki da shanun dutse masu dogon gashi, suna kwana cikin bukkokin ulu. Dā sukan bi ciyawa har cikin ƙasashen maƙwabta, amma Tarayyar Sobiyat da Sin suka rufe iyakokinsu, aka bar su a wuri mai sanyi ƙwarai.

A shekara ta 1978 'yan kwaminis suka ƙwace mulki a Kabul. Shugaban makiyayan, Haji Rahman Kul, ya san abin da irin wannan mulki ya yi wa danginsa a Sobiyat. Sai ya kwashi mutane wajen 1,300 zuwa Gilgit ta Pakistan. Zafi da cuta suka kashe da yawa, dabbobi kuma suka ƙare. Ya roƙi Amurka ta zaunar da su a Alaska, bai samu ba. A 1982 Turkiyya ta karɓe su, ta ba su gidaje a lardin Van. Ana kiran ƙauyen Ulupamir, wato Babban Pamir. Rahman Kul ya rasu a 1990.

To, ya yi daidai kuwa? Wani zai ce a'a. Gama Kirgiz ba tare da garke da tsauni ba, me ya rage masa? Jikokin waɗanda suka tashi suna karatu da Turkanci, da yawa kuma suna neman abinci a Istanbul. Wasu daga cikin mutanensa ma sun juya tun daga Pakistan, suka koma Pamir, suka riƙe zaman iyayensu.

Amma a dubi abin da wannan zama ya ci musu. Asibiti yana da nisa, mata da jarirai da yawa sun mutu wajen haihuwa. Ba za a zarge su ba, gama kowa ya san daɗin gidansu. Duk da haka, shugaban da ya sa al'ada gaba da ran yara ya juya abu baibai. Al'ada don mutane take, kuma sai da rai ake riƙe ta.

Sai dai ceton rai yana barin bashi. Wanda aka fitar, wajibi ne ya ɗauki abin da ke ɗaukuwa. Ba a ɗaukar tsauni, amma ana ɗaukar harshe da asali. Kirgiz sukan ce daga kabilu 40 suka fito, kuma abin kunya ne mutum ya kasa jera sunayen kakanninsa bakwai. Wannan ba ya bukatar garke, sai uba mai haƙurin koya wa ɗansa. Kirgiz na Fuyu, waɗanda sarakunan Sin suka kai arewa maso gabashin ƙasar a ƙarni na 18, suna nan da ransu, amma harshensu ya kusa ɓacewa.

Saboda haka Rahman Kul ya sauke nauyin da ke kansa. Sauran nauyin yana kan iyayen Ulupamir, cikin harshen da suke magana da 'ya'yansu in an zauna cin abincin dare.